Karsanar Ja'e da Shuɗin Mayafin Blok

Ninke yadi shi ne aikin farko da aka ba ni a ɗakin dafa kaya, kuma shi ne wanda kuke yi wa dariya yanzu, ku ƴan staj masu koyon aiki. Ina jin ku sarai. Kuna wucewa ta taga da fararen rigunanku kuna cewa Tanti Rakiya ta samu aikin hutu, daga wanki sai ninki, kamar mai shirin kayan biki. To ku samu wuri ku zauna. Tukunya ba za ta yi kuka ba sai rana ta take tsaka, ni kuma ba inda zan je.

Koren yadin nan da ake rufe mara lafiya da shi a blok, wato ɗakin tiyata, yana da rami a tsakiya, daidai inda aska za ta bi. Ba a ninke shi yadda aka ga dama. Ana ninkewa ne yadda likita zai kama kunnensa da yatsu biyu ya ɗaga, yadin ya buɗe kansa, hannu bai taɓa cikinsa ba. Wanda ya koya mini wannan shi ne Baba Nomau, wani dogon Bagobiri daga wajen Tibiri, mai zanen fuska har kunne, wanda ya fara aikin tun ana dafa kaya a kan risho. Ni Bakatsiniya, shi Bagobiri, kun san wasan da ke tsakani. Da safe in ce da shi bawana, ya ce da ni baiwarsa, sannan ya warware duk abin da na ninke ya zube mini a gaba.

"Wanga ninkin zanen kasuwa na, ɗiyar Katsinawa," in ji shi. "Sake shi."

Na sake har yatsuna suka koya, suka daina tambayata.

Kafin ninki akwai dubawa. Kowane yadi sai an ɗaga shi an tare rana da shi. In haske ya ɓullo ko da kamar tsinin allura ne, a nan cuta za ta bi, sai a ware shi a kai wa tela ya yi faci. Ina son wannan aikin fiye da kowane. Ka tsaya a bayan blok da hantsi, yadi a gaban fuskarka, duniya duk ta koma kore, muryoyin mata masu jinya a gindin bishiyar bedi su yi nisa, ka rasa ko a tsaye kake barci. Baba Nomau ya sha kama ni a haka.

"Rami kika biɗa ko aljanna?" in ji shi.

Sai kayan ƙarfe. Almakashi da hantsaki masu haƙora, a buɗe bakinsu, a bi gaɓarsu da buroshi, domin a gaɓa jini ke laɓewa. A jera yadi a tambur, wani gwangwanin ƙarfe mai ƙananan tagogi a gefe. A buɗe tagogin kafin a sa a tukunya don tururi ya shiga, a rufe su da an fito da shi. Tukunyar ita ce kuke kira otoklab a lakol, wato makaranta. Baba Nomau ba ya duba agogonta sai ya gama saurarenta. In ta fara huci siriri ba yankewa, ya san iska ta fita, tururi tsantsa ya rage. In an buɗe kuwa, ƙamshin dafaffen auduga ya cika ɗakin, ya kwana a gashina, har ƴaƴana suna cewa mamansu ƙamshin guga take.

Haka muka yi shekaru. Yadi ɗaya ya rufe mutumin Gidan Sori mai ƙaba yau, a wanke, a dafa, jibi ya rufe matar Sae Sabuwa da haihuwa ta gagara. In ya tsufa a yanka shi ƙanana a naɗe kayan ƙarfe da shi. In ya ƙara tsufa ya koma tsumman goge ƙasa. Kusan ba abin da muke yarwa sai allura, aska, da audugar da ta sha jini.

Sannan kwalaye suka zo. A cikinsu akwai wani shuɗin mayafi, shi ba takarda ba, shi ba leda ba, an naɗe shi a dafe tun daga ƙasar da aka yi shi. A yage, a shimfiɗa, a gama aiki, a jefar. Riga ma haka, hula haka, har da ƙananan almakasai na aiki ɗaya. Mun yi murna, kar wanda ya gaya muku ba mu yi ba. Hannuwana da ruwan zabel na kashe cuta ya tsattsage suka warke, har na samu fatar da lalle zai kama. Igiyoyin shanya suka zauna wayam, aka tattara koren yadi da tamburan aka kulle a magaza, ɗakin ajiya. Baba Nomau ya riga ya ajiye aiki. Da ya zo gaishe mu ya murza mayafin a yatsunsa, ya shinshina, ya ce ba shi da ƙamshin kowa, ya nemi a ba shi ruwa ya sha.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne buhunan. Aikin haihuwa ɗaya sai ya cika buhu. Akwai murhun ƙona shara a bayan asibiti, mai dogon bututu, wanda ke shan gazuwal kamar mota. Ranar ƙona, baƙin hayaƙi ya kwanta a kan unguwa, mata su fito da gudu suna kwashe kuɓewa da tumatirin da suka shanya.

Sai ga muguwar shekara, wadda aka rufe iyaka. Kuran, wato wutar lantarki, ta koma baƙuwa, ta leƙo ta tafi. Ɗan gazuwal ɗin da ake samu aka bar wa gurup, injin wuta, don fitilar blok ta ci, kuma gaskiya ne, ba a kashe fitila a kan buɗaɗɗen ciki don a ƙona shara. Murhu ya huce. Aka haƙa rami a bayansa ana zubawa ana ɗan rufewa da ƙasa. Damina ta kayar da katangar baya, ba a samu siminti ba. Da bazara ta shigo, iska ta tone ramin. Da la'asar sai ka ga shuɗin mayafai sun tashi a hankali, sun haye inda katanga take a da, suna lilo a sama, wasu su sauka a kan gawo da aduwa, wasu su yi ta tafiya kan gonaki har ido ya rasa su. Ban ɓoye muku ba, abin yana da kyaun kallo. Nakan tsaya da bokiti a hannu ina bin su da ido.

A wannan bazarar aka kawo Altine a amalanken jaki daga wata ruga ta wajen Gangara. Naƙuda ta daɗe mata. Aka yi mata aiki aka ciro ƴa mace da rai, amma ɗinkin ya yi ruwa, aka ce zamanta zai yi tsawo. Mijinta Ja'e bai kwana a rumfar masu jinya ba. Na fita zubar da ruwa wata safiya na same shi a gindin gawon bayan katanga, a kan ɗan buzunsa, kusa da wata jar karsana mai dogayen ƙaho da ciki ya fara fito mata.

"Bafillace," na ce, "gidan likita ka zo ko kiwo? Me ya hana ka bar ta a ruga?"

"Ba tawa ba, Inna. Habbanaye ce."

Na ce ban san wannan ba. Ya bayyana mini da Hausarsa a hankali, yana neman kalma yana samu. Fari da ciwo sun share masa garke, ko akuya bai tsira da ita ba. A wurinsu, in haka ta samu mutum, abokinsa yakan zaɓi karsana mai kyau ya ɗaura masa. Ya riƙe ta, ya kiwata, abin da ta haifa nasa ne, da shi zai sake kafa garke. Sannan ya mayar da uwar ga mai ita. Abokinsa Dembo ne ya ɗaura masa wannan.

"Nagge, saniya ta habbanaye, ba a barin ta hannun wani," in ji shi. "Ɗanka kana iya bari. Ita, a'a."

Ya kwantar da kunnensa a gefen cikinta ya rufe ido, ya daɗe a haka. Da ya ɗago yana murmushi, ya nuna cikin da leɓe, ya ce, "Shanuna duka suna nan ciki."

Ja'e mutum ɗaya ne, aiki biyu. Ya ɗaure karsana ya shiga wurin Altine, ya tafi farmasi, ya nemo mata nono a kasuwa don ta ƙi tuwon gari, ya yi yawon neman harawa a lokacin da ko kara ya yi tsada. A bayansa iska tana kawo wa karsana mayafai har gindin gawo. Su kuma sun sha ruwan sirom da ake ƙara wa mara lafiya, wanda gishiri ne, kun sani. Dabbar da ke marmarin kanwa ga yunwar bazara, me za ta yi? Ba wanda ya lura, har ni da nake wucewa kullum.

Sai ta daina tuƙa. Ta tsaya kai a ƙasa, baya a gantsare, ido ya faɗa. Ja'e ya ba ta saiwoyin da ya sani, ba su yi ba. Ya je ya ɗauko Malam Habu, ma'aikacin elbaj mai duba dabbobi. Malam Habu ya dunƙule hannu ya danna gefen hagunta, wurin ya lotsa ya zauna a lotse kamar tuwo.

"Leda ce ta cika tumbin," in ji shi. "Sai an buɗe. Allurar kashe zafi ina da ita, hannu ina da shi. Amma kayana ba za su isa aikin ciki ba, kuma in ba a dafe suke ba, gara in bar ta ta mutu da kanta."

Ja'e ya juyo. Ya dube ni kawai, don ya san ni ce mai tukunya.

Na je wurin majo, shugabar masu jinyar blok, mace mai kaifin harshe da taushin zuciya. Kafin in rufe baki ta ce kayan mutane ba za su taɓa dabba ba, tukunyar mutane ma haka. Na ce ba su nake so ba, na magaza nake so, waɗanda aka yi ritaya da su. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ciro mabuɗi ta ajiye a tebur, ta ce ita ba ta ga wanda ya ɗauka ba.

Magazar tana warin ɓera da daɗewa. Tamburan suna jere yadda muka bar su. Ɓeraye sun ci yadin sama, na ƙasa yana nan garau. A lungu na samu ƙaramar tsohuwar tukunyar da ake ɗorawa a wuta, da akwatin ƙarafan da aka daina aiki da su. Na wanke, na shanya, na tare rana da kowane yadi. Na zaci na manta ninki, ashe yatsuna ba su manta ba. Na hura gawayi a bayan katanga na ɗora tukunya, na tsuguna ina saurare har ta yi hucin nan siriri. Da ƙamshin audugar ya taso, sai na ji kamar wani da ya yi doguwar tafiya ya yi sallama a ƙofar gida.

Da sassafe aka yi aikin, kafin ƙuda su tashi. A tsaye ake yi wa saniya. Aka ɗaure ta a jikin gawo, aka aske gefen hagu, aka wanke, na miƙa yadi, Malam Habu ya kama kunnensa ya ɗaga ya buɗe. Jar karsana ta sha koren mayafi. Ja'e ya riƙe ƙahonta ya sa baki a kunnenta yana yi mata wata magana da Fillanci, ƙasa-ƙasa, ba yankewa, kamar mai lallashin yaro. Likitanmu na tiyata, wani matashi mai son shayi, ya leƙo da kofinsa don ya yi kallo. Bai daɗe ba ya ajiye kofin a kan tubalin katanga, ya wanke hannu har gwiwa, ya zo ya riƙe wa Malam Habu bakin yankan.

Malam Habu ya zura hannu har kafaɗa. Da fari baƙar ledar kasuwa ce ta fito, da guntun igiya, domin ba duka ne namu ba. Sannan shuɗin ya fara. Ya murɗe ya zama kamar igiyar guga, ana ja yana zuwa, ana ja yana zuwa, da safar hannu a maƙale, da siririn tiyon sirom. Babban daro ya cika ya yi tozo. Da aka gama ɗinki, likita ya ɗauki sanda ya warware ɗaya a ƙasa. Ga ramin nan a tsakiya, daidai inda aska take bi. Ya ɗauki kofinsa, shayin ya huce, ya zubar ya koma ciki.

Bayan ƴan kwanaki karsana ta soma tuƙa. Ja'e ya zo har tagar ɗakin nan yana kirana, "Inna, zo ki gani!" Na bar kaya a ruwa na fita. Muka tsaya mu biyu muna kallon saniya tana tauna kamar ba mu taɓa gani ba. Altine ma ta fara takawa, ta fito da jaririya a kafaɗa ta zauna a inuwar.

Amma wahalar ta riga ta kai inda ba hannun da ya isa. Wata safiya karsana ta yi ɓari. Ɗan maraƙi ne ja, an gama halittarsa, har da ƴan kofatai farare. Na samu Ja'e ya haƙa rami da sandarsa da hannuwansa ya rufe shi, yana zaune a gefe. Na yi kuka a wurin, ni da na ga abubuwa da yawa a blok ban yi ba. Shi bai yi ba.

Ranar da aka sallami Altine ya zo yi mini ban kwana, igiyar karsana a hannu. Ya ce zai sauke iyali a ruga ya wuce wurin Dembo ya mayar da ita.

"Haba Ja'e," na ce. "Kai ka ce sai ta haifa maka. Za ta sake ɗauka, da izinin Allah."

Ya shafa ɗinkin da ke gefenta da bayan hannu.

"An ba ni ita ba ɗinki, Inna. A hannuna ta ci abin nan. Ba ni da idon da zan riƙe ta."

Na yi magana har na gaji. Ya ce mi yetti, wato ya gode, ya ja igiya suka bi bayan amalanke.

Ba zan ce muku karsana ce kaɗai ta dawo da koren yadi ba. Kwalayen ma sun kusa ƙarewa a lokacin, hanyar da suke biyowa a rufe take. Amma da hanya ta buɗe aka tambayi blok ko a sake kawowa, likita da majo suka ce a kawo abin da ba makawa kawai. Allura, aska, safar hannu, waɗannan aiki ɗaya ne har gobe, kar in ji wani ya ce Tanti ta ce a wanke su. Sauran kuwa, telolin kasuwa suka ɗinka mana sabon yadi. Aka ɗora farantai masu kama rana a kan rufi, shi ya sa kuke gani ba na kunna tukunya sai tsakar rana, lokacin da wutar take kyauta. Aka rarraba kayan ƙarfe ƙananan ƙunshi, don kar a buɗe na babban aiki a kan ɗan ƙurji. Shara ta rabu: mai tsini daban, mai jini daban, kwali da takarda daban, murhu ba ya cin sai abin da ya wajaba. Inda allurar baya mai kashe zafi za ta isa, ba a sa wa mutum iskar barci, wadda likita ya ce in ta fita ta bututu sama take tafiya ta zauna tana ƙara wa duniya zafi. Ruwan ɗauraya na ƙarshe shi ke shayar da bedin da masu jinya ke zama a gindinsu. Aka tayar da katanga, aka yi mata ƙaramar ƙofa. Hannuwana sun sake tsagewa, ga su nan, ba na ƙorafi.

Bara da kaka, ina shanya a baya, na ji ƙasa tana amsa kofato. Garke ne ke saukowa kan gonakin da aka girbe. Na buɗe ƙaramar ƙofa na tsaya kallo, don ban iya jin shanu in ƙi leƙawa ba. Suna wucewa a hankali cikin hasken hantsi, ƙahoni suna kaɗawa. Can tsakiya na hango wata ja, ta yi ƙiba tana sheƙi, da dogon tabo a gefen hagu inda gashi ya fito a karkace. A bayanta wata ƴar maraƙa ja tana tsalle.

Na ƙwala wa makiyayin kira. Dattijo ne mai farin gemu, ya rataya hannuwa a sandar da ke kafaɗarsa. Na ce ko shi ne Dembo. Ya ce shi ne. Na ce ni ce na dafa kayan da aka yi wa saniyar nan aiki. Ya sauke sanda ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo. Sannan na tambaye shi Ja'e.

Ya ce Ja'e ya kawo ta ya ɗaure masa a turke ya tafi. Shi Dembo ya bi shi har ruga ya roƙe shi ya karɓa, ya ce masa ƙaddara ce, ba wanda ya ga laifinsa, Ja'e ya ƙi. Daga baya ya kwashe iyalinsa ya shiga birni, an ce yana gadin wani gida, wasu sun ce ya ƙetare iyaka.

"Ni ban kwance habbanaye ba," in ji Dembo. "Shi ya kawo, ni ban karɓa ba. Kiwo kawai nake yi mai." Ya nuna ƴar maraƙar da sanda. "Waccan tashi ce. Na aika, na sake aikawa, saƙo bai same shi ba. Ku nan kowa yana zuwa wurinku wata rana. In kin gan shi, Inna, ki ce mai saniyarshi ta haihu."

Na ce zan faɗa masa. Garken ya wuce ya bar ni a bakin ƙofa da jiƙaƙƙen yadi a kafaɗa.

Har yau ban gan shi ba. Shi ya sa kuke ganin na matso da teburin ninkina jikin tagar nan da ke kallon ƙofar asibiti, kuma duk Bafillacen da ya shigo da sanda a kafaɗa, sai hannuna ya tsaya.